Me ya haɗa sukari da cututtukan da kaska ke yaɗawa?

Rukayya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana ƙwayoyin cuta da likitocin da ke wannan zaure. Duk inda aka yi bayanin cututtukan kaska, irin su ciwon Laim da anafilasmosis da babesiyosis, sai maganar sukari ta shigo. A ce ƙwayar cutar sukari take kamawa kafin ta shiga jini, a ce yawun kaska na ɗauke da wani sukari da ke raba mutum da cin nama. Wane sukari ake nufi? Idan wanda ake sha ne, ke nan mai ciwon sukari ya fi kowa shiga haɗari, kuma rage zaƙi zai zama kariya? Idan kuma ba shi ba ne, shin sanin wannan yana canza wani abu a wurin gwaji da magani, ko a takarda kawai ya tsaya? Don Allah a faɗi abubuwan da sunayensu, kada a taƙaita.

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Ba wanda ake sha ba ne, ba kuma wanda na'ura ke aunawa a jinin mai ciwon sukari ba. Danginsu ɗaya a ilimin sinadarai, shi ya sa suna ya zo ɗaya.

Kowace ƙwayar halitta ta jiki, wato sel, a lulluɓe take da wasu gajerun sarƙoƙi masu rassa, kamar gashi a jikin fata. Tubalan da ake ƙulla sarƙoƙin da su kusan goma ne a jikin ɗan Adam, kuma manyansu su ne gulukos, galaktos, mannos, fukos, zailos, siyalik asid, N-asetilgulukosamin, N-asetilgalaktosamin da gulukuronik asid. Sarƙar ana ce mata gilaikan. Wata a jikin furotin take rataye, a kan amino asid ɗin asfarajin ko serin ko tiriyonin, wata kuma a jikin maiƙon fatar sel. Jiki ba ya ƙona su don neman ƙarfi. Shaida ce, da ita sel ke gane ɗan'uwansa. Misali mafi kusa shi ne rukunin jini: abin da ya raba A da B sukari ɗaya ne tak a bakin sarƙa, N-asetilgalaktosamin a A, galaktos a B, mai O kuwa ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Wannan ɗan bambanci ya isa ya yi kisa idan aka yi kuskuren ƙarin jini. Kuma yadda aka ƙulla tubali da tubali yana da nauyi kamar tubalin kansa. Lambobin da za ki riƙa gani, alfa-1,3 ko alfa-2,3, suna nuna kabon na nawa ne ya riƙe na nawa.

Bakteriyar Anaplasma phagocytophilum ce ta fi fito da abin sarari. An fara bayyana cutarta, wato anafilasmosis, a jikin mutane a Amurka a 1994, kuma gidanta cikin niyutirofil, farar ƙwayar jinin da aikinta ke nan kashe bakteriya. A fatar niyutirofil akwai furotin mai suna PSGL-1, a bakinsa akwai wani gungun sukari huɗu da ake kira siyalil-Luwis-x: siyalik asid, galaktos, N-asetilgulukosamin da fukos. Asalin aikin gungun shi ne birki. Idan wuri ya kumbura, da shi niyutirofil ke kama bangon jijiya, ya gangara a hankali, ya tsaya, ya fita zuwa wurin ciwo. Anaplasma tana da furotin OmpA a fatarta wanda ke damƙe siyalik asid da fukos na wannan gungu, daga nan sauran furotin ɗinta su ƙarasa shigar da ita. Hujjar mai sauƙin gwadawa ce. A ɗauki sel na HL-60, wasu sel na jinin mutum da ake rainon ƙwayar a cikinsu a ɗakin gwaji, a aske musu siyalik asid da niyuraminides, wani enzaim (furotin mai yanka ko ƙulla sinadarai a jiki), sai kamun ya ragu ƙwarai. Ɓerayen da aka cire wa ƙwayoyin gadon da ke ɗaura fukos ma ba ta iya kama niyutirofil ɗinsu yadda ya kamata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne a cikin kaskar ma fukos ɗin take nema. A 2010 aka nuna cewa idan aka kashe enzaim ɗin da ke ɗaura fukos ta alfa-1,3 a jikin kaskar Ixodes scapularis, Anaplasma ba ta samun wurin zama sosai, alhali bakteriyar Laim ba ruwanta. Dabba mai shayarwa da ƙwaro nesa suke da juna a halitta, amma ƙulli iri ɗaya take lalube a jikinsu duka.

Saboda haka rage zaƙi ba zai cire fukos daga fatar niyutirofil ba, jiki ne ke ƙera shi. Abubuwan da aka tabbatar suna tsananta waɗannan cututtuka su ne tsufa, raunin garkuwar jiki, jinkirin fara magani, da rashin saifa ga babesiyosis. Mai ciwon sukari duk zazzaɓin da ya kama shi yana iya birkita masa sukarin jini, sai a ƙara sa ido a kansa, amma wannan wata magana ce daban.

Dakta Zuwaira:

Malam Habibu ya shimfiɗa tushe, bari in ɗora da maganar nama, don nan ne wannan ilimi ya fi shiga ɗakin duba marasa lafiya. Farko dai a sani, wannan ba kamuwa da ƙwayar cuta ba ne. Garkuwar jiki ce ke yin bore, kaska kuma ita ce sila.

Sukarin sunansa alfa-gal, galaktos biyu ne da aka ƙulla ta alfa-1,3. Shanu, tumaki, awaki, aladu, dawaki, zomaye, barewa, duk suna da shi a jikinsu. Mutum da manyan birai da biran Afirka da Asiya ba su da shi, domin ƙwayar gadon da ke ƙera shi, GGTA1, ba ta aiki a jikinsu. Tsuntsaye da kifi ma namansu ba ya ɗauke da shi. Tun da baƙo ne a wurinmu, kowane mai lafiya yana da antibodi masu yaƙarsa, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama baƙon abu, nau'in IgG da IgM, har kusan kashi 1 cikin 100 na antibodin da ke yawo a jini. Uri Galili ne ya bayyana wannan a 1984. Bakteriyar hanji ce ke sa muna yin su, kuma ba sa hana kowa cin nama. Matsala na farawa ne ranar da jiki ya koma yin nau'in IgE, wanda ke haddasa borin jini.

Ta hanyar wani maganin ciwon daji aka gano wannan IgE ɗin. Setuksimab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2004, a cikin sel na ɓera ake ƙera shi, sai sel ɗin suka ɗaura masa alfa-gal. A jihohin kudu maso gabashin ƙasar aka riƙa ganin mutane suna faɗuwa cikin mintuna a ƙarin farko, mutanen da ba su taɓa haɗuwa da maganin ba. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna sun riga sun zo da IgE ɗin a jininsu. Cikin masu lafiyar da aka auna, kusan kashi 21 cikin 100 a Tenesi suna da shi, a Boston kuwa bai kai kashi 1 ba. Taswirar ta yi daidai da mazaunin kaskar Amblyomma americanum, wadda macenta ke da farin ɗigo ɗaya a baya. A 2009 Thomas Platts-Mills da Scott Commins na Jami'ar Bajiniya suka haɗa shi da borin nama, a daidai lokacin da Sheryl van Nunen a Ostireliya ta riga ta lura da alaƙar borin nama da cizon kaskar Ixodes holocyclus. Bayan haka an sami ciwon a Turai tare da kaskar Ixodes ricinus, a Japan tare da kaskar Haemaphysalis longicornis, an kuma same shi a Afirka ta Kudu. Hukumar CDC ta Amurka ta ƙirga fiye da mutum 110,000 da ake zargi daga 2010 zuwa 2022, ta ce adadin gaskiya na iya kaiwa 450,000.

Abin da ke ɓatar da likita shi ne jinkiri. Borin abinci da aka saba da shi cikin mintuna yake tashi, wannan kuwa sai bayan awa 2 zuwa 6. Mutum ya ci nama da daddare, ya kwanta lafiya, tsakar dare ya farka da ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa, jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, ciki na murɗawa. Wani numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Wani kuma babu ko ƙurji ɗaya, ciwon ciki da gudawa ne kawai, sai a yi shekaru ana ba shi maganin hanji. Kuma ba kullum yake tashi ba. Yau ya ci lafiya, gobe ya ci ya kwanta asibiti. Nama mai kitse da kayan ciki, musamman ƙoda, sun fi tayar da shi. Barasa, motsa jiki bayan cin abinci, da magungunan ciwo irin su asfirin da ibufurofen suna rage adadin da jiki zai iya jurewa.

Duk wanda aka tabbatar masa, a rubuta a katinsa, domin abin bai tsaya a kwano ba. Jelatin na cikin kwanson wasu magunguna da wasu alluran rigakafi da ruwan ƙari mai jelatin, heparin, maganin hana daskarewar jini da ake samu daga hanjin alade, bawul ɗin zuciya na alade ko na saniya, da maganin dafin maciji da ake haɗawa daga jinin doki ko tunkiya, duk sai likita ya san da su. Ba a hana mai saran maciji magani don wannan, amma ana ba shi ne da adirenalin a zuƙe cikin sirinji.

Rukayya:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Dakta, abu biyu ban gane ba. Me ke kawo jinkirin awoyin nan, tun da setuksimab cikin mintuna yake tayar da shi? Sannan idan gwajin jini ya nuna mutum na da IgE ɗin, shi ke nan ya bar nama har abada?

Dakta Zuwaira:

Amin, ƙanwata. Setuksimab kai tsaye ake zuba shi a jijiya. Na nama kuwa, bayanin da ya fi ƙarfi shi ne alfa-gal ɗin da ke rataye a jikin maiƙo ne ke yin ɓarnar. Kitse ba ya shiga jini nan take daga hanji. Sai an dunƙule shi cikin wasu ƙananan ƙwallaye da ake kira kailomaikiron, su bi magudanar ruwan limfa, sannan su zubo cikin jini ta babbar jijiyar da ke gindin wuya. Wannan tafiya ce ke cin awoyin. Idan sun iso, alfa-gal ɗin na jere a bayansu, sai ya haɗa IgE da ke kan sel masu ajiye histamin, su fashe.

Dalilin da cizo ke juya jiki zuwa IgE kuwa, kaska ba kamar sauro ba ce. Kwanaki take yi a manne tana zuba yawu mai danne kumburi da daskarewar jini, kuma yawun yana karkata garkuwar fata zuwa ɓangaren da ke yin IgE. An sami alfa-gal a yawun wasu kaskoki, an kuma gano a 2018 cewa Ixodes scapularis tana da enzaim ɗin ƙera shi da kanta.

Amsar tambayarki ta biyu a'a ce, kuma ina so a riƙe wannan da kyau. Gwajin ana ɗaukarsa ya nuna daga 0.1 kU/L (ma'aunin yawan IgE a jini), amma nunawa ba ciwo ba ne. A wani bincike kan ma'aikatan daji da mafarauta 300 a Jamus, kashi 35 cikin 100 gwajinsu ya nuna, kaɗan ne daga ciki nama ke damu. Wanda yake cin nama lafiya ba a hana shi saboda takarda. Ana yanke hukunci ne da abu uku tare: alamomi masu jinkiri bayan cin naman dabba mai shayarwa, gwaji, da samun sauƙi bayan an daina. Idan adadin ya haura 2 kU/L, ko ya wuce kashi 2 cikin 100 na jimillar IgE, zato ya ƙara ƙarfi. Gwajin tsaga fata da ruwan nama na kamfani yakan ƙi nunawa ko da ciwon na nan, kada a dogara da shi. Mafi yawansu suna shan madara lafiya, ba a hana ta sai ga wanda ta dama. Idan ba a sake samun cizo ba, IgE ɗin na sauka a hankali, wasu har su koma cin nama bayan 'yan shekaru, amma a gaban likita ake fara gwadawa. Sabon cizo ɗaya na iya mayar da hannun agogo baya.

In abin ya tashi da sarƙewar numfashi ko jiri, adirenalin ne magani: miligiram 0.5 ga babba, a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro.

Malam Habibu:

Bari in koma kan Laim, don a nan sukari abinci ne, igiya ce, kuma shara ce.

Borrelia burgdorferi mai kawo Laim, wadda Willy Burgdorfer ya gano a hanjin kaska aka buga a 1982, matalauciyar bakteriya ce. Ba ta da hanyar ƙona abinci da iska, da tsaga sukari kaɗai take samun ƙarfi. Ba ta kuma iya ƙera N-asetilgulukosamin, alhali da shi ake gina bangonta. Shi ya sa ruwan rainonta na BSK-II ke ɗauke da giram 0.4 na wannan sukari a kowace lita, ban da giram 5 na gulukos da ruwan jinin zomo kashi 6 cikin 100, a zafin digiri 33 zuwa 34. Wanda ya haɗa ruwan ya manta da shi zai ga ƙwayoyin sun fara yawa, sai su rushe, bayan kwanaki waɗanda suka tsira su sake tasowa da abin da suka yago daga sauran kayan haɗin. Ba gurɓata ba ce, yunwa ce. A jikin kaska kuwa akwai kaitin, wanda doguwar sarƙar N-asetilgulukosamin ce, a ɓawonta da kuma tantanin da ke naɗe jinin da ta sha a hanji. Borrelia tana da ƙofar shigar da gutsurensa mai tubali biyu, kaitobayos. Sai dai kada a zarce: da aka toshe wannan ƙofa, ƙwayar ta ci gaba da zagayenta tsakanin kaska da ɓera, ke nan tana da wata madogarar. Gilisarol da kaska ke tarawa don jure sanyi na cikin abin da take ci.

Idan ta shiga mutum sai batun riƙo. Furotin ɗinta DbpA da DbpB suna kama dekorin, wani furotin mai doguwar sarƙar sukari ta damatan salfet da ke kwance a kan zaren kolajin. Ina kolajin ya fi yawa? Fata, gaɓoɓi, zuciya, wuraren da ciwon ya fi bayyana. Ɓerayen da ba su da dekorin an ga ƙwayar ta ragu a gaɓoɓinsu, kumburin ma ya yi sauƙi. Wani furotin, BBK32, yana kama irin waɗannan sarƙoƙi da furotin ɗin fibironektin a bangon jijiya, sai Borrelia ta rage gudu a cikin jini kafin ta huda ta fita. Kaskar ma tana taya ta ba da niyya ba. A jininmu akwai furotin mai farautar mannos a fatar ƙwayoyin cuta, in ya kama sai ya kunna jerin sinadaran da ke huda su. Yawun Ixodes yana ɗauke da TSLPI mai toshe wannan mafarauci, don kare bakin kaskar, sai Borrelia ta fake a inuwarsa.

Sharar ita ce ta fi shafar magani. Bangon bakteriya, feftidogilaikan, saƙar sukari ce da gajerun amino asid. Yawancin bakteriya masu irin fatarta suna sake amfani da gutsattsarin bangonsu idan suna girma. Borrelia ba ta yi, kusan kashi 40 cikin 100 na bangonta take zubarwa a kowace rabuwa. A 2019 aka auna ruwan gaɓar masu kumburin Laim, aka sami wannan shara a samfuri 32 cikin 34, har da na waɗanda suka gama shan magani. Wannan na cikin bayanin da ya sa gwiwa ke ci gaba da kumbura bayan ƙwayar ta mutu. Tsarin da ake bi shi ne doksisaikilin ko amoksisilin kwana 28, in babu sauƙi sai seftiriyakzon ta jijiya mako 2 zuwa 4. In kumburi ya ƙi tafiya bayan wannan, ba a ci gaba da loda maganin kashe bakteriya wata da watanni. Likitan gaɓoɓi ake nema, a koma kan masu kwantar da kumburi, ko allurar cikin gaɓa, ko metotirekzet. Tsawaita allurar jijiya ba tare da dalili ba yana jawo tsakuwar matsarmama da gurɓatar jini ta hanyar robar allurar.

Auwalu, likitan dabbobi:

Malamaina, a ba ni dama in shigo da ɓangaren shanu.

Babesia, mai kawo babesiyosis, a jar ƙwayar jini take zama, kuma siyalik asid na fatar jar ƙwayar jinin na cikin abin da take kamawa. An aske shi da niyuraminides, shigar Babesia bovis da Babesia divergens ta ragu sosai, kuma a jinin mutum furotin ɗin gilaikoforin A da B na fatar jar ƙwayar jini, masu ɗauke da siyalik asid mai yawa, su ne aka nuna B. divergens na bi. Amma in faɗi gaskiya, wannan bai zama magani ba tukuna. Saniya mai zazzaɓi da fitsarin jini har yanzu diminazin ake yi mata, miligiram 3.5 a kowane kilo a tsoka, ko imidokab miligiram 1.2 a kowane kilo a ƙarƙashin fata. Mutum kuma atobakwon da azitiromaisin kwana 7 zuwa 10.

Inda sukari ya taɓa aikinmu sosai shi ne rigakafin kaskar kanta. Bm86 furotin ne mai sarƙoƙin sukari a fatar hanjin kaskar shanu Rhipicephalus microplus, ƙungiyar Peter Willadsen a Ostireliya ta bayyana shi a 1989. Ana yi wa saniya allurarsa, ta yi antibodi, kaska ta sha jinin, antibodin ya lalata mata hanji. Rigakafin TickGARD ya fito a Ostireliya a 1994, a bakteriyar E. coli aka ƙera shi, wadda ba ta ɗaura irin wannan sukari. Rigakafin Gavac na Kuba a yis ɗin Pichia pastoris ake ƙera shi, shi kuma yis mannos yake jibgawa, ba irin na kaska ba. Duka biyun sun yi aiki, wanda ke nuna furotin ɗin ne ke ɗauke da mafi yawan kariyar. To amma ga inda ake kuskure: idan aka auna antibodin saniya da furotin da aka ƙera a yis ɗin nan dai, wani ɓangare na abin da na'ura ta nuna antibodin mannos ɗin yis ne, wanda ba ya taɓa kaska. Sai a ga lamba ta yi sama, kaska kuma na nan daram.

Kuskure na biyu na masu garke ne. Gavac ana yin sa a mako na 0, na 4 da na 7, sannan ƙari duk wata 6. Ba ya kakkaɓe kaska ranar da aka yi shi kamar maganin feshi. Ƙwai yake ragewa, sai bayan zuriya ɗaya ko biyu makiyaya ta fara tsabta. Kuma tun da Bm86 a cikin hanji yake ɓoye, cizon kaska ba ya tuna wa jikin saniya da shi. Aka tsallake ƙarin wata 6, kariya ta sauka.

Sadiya:

Ga mai shirin taɓa wannan fanni a ɗakin gwaji, akwai tarkuna da suka kamata a sani.

PNGase F, enzaim ɗin da kowa ke ɗauka don yanke sarƙar da ke kan asfarajin, ba ya yanke wadda ke da fukos ta alfa-1,3 a gindinta, kuma ƙwari na yin irin wannan ƙulli. Sai furotin ɗin ya ƙi motsi a kan jel, a rubuta cewa ba shi da sukari. PNGase A ake sawa a tabbatar. Wannan fukos ɗin dai shi ne ke sa gwajin IgE na dafin ƙudan zuma da na tsirrai ya nuna a jinin wanda babu abin da ke damunsa. Lektin GS-IB4, wani furotin mai kama sukari da ake neman alfa-gal da shi, yana kama sukarin rukunin jinin B ma, don alfa-gal ne da ƙarin fukos, saboda haka a maimaita da antibodin M86, a kuma ga alamar ta ɓace bayan an sa alfa-galaktosides. Kaskar da ta sha jini tana ɗauke da sukarin dabbar da ta ciza, dole a kwatanta da wadda ba ta sha ba. Ɓeran gwaji na yau da kullum shi ma yana da alfa-gal a jikinsa, ba zai yi antibodi a kansa ba sai wanda aka cire wa GGTA1.

A ɓangaren bairos, mai kawo kumburin ƙwaƙwalwa ta cizon kaska a Turai da Asiya yana da sarƙa ɗaya a asfarajin na 154 na furotin E. Idan aka daɗe ana rainonsa a sel na ɗakin gwaji na BHK-21, yakan canza ya koyi manne wa heparan salfet, wata sarƙar sukari ta fatar sel mai kama da heparin. A faranti sai ya zama gwani, heparin kuma ya toshe shi tsaf, amma a jikin ɓera ya yi rauni, don yana maƙalewa a hanya jini ya share shi. Duk sakamakon da ya ce heparin na hana shi shiga, a fara tambayar sau nawa aka sake rainon bairos ɗin a sel.

Sai gwajin Weil-Felix na 1916, wanda har yau wasu ke yi don zazzaɓin bakteriyar Rickettsia. Gaba ɗayansa a kan kamannin sukari ya tsaya: sarƙar O ta fatar Rickettsia ta yi kama da ta bakteriyar Proteus OX19 da OX2. Shi ya sa mai ciwon mafitsara na Proteus ke iya nunawa, mai cutar gaske kuma ya ƙi nunawa a makon farko. Tabbaci sai da samfuri biyu, mako 2 zuwa 4 tsakani, a ga antibodi ya ninka sau huɗu.

Dakta Zuwaira:

Malama Sadiya ta taɓo abin da ke ceton rai. Zazzaɓi da ciwon kai bayan cizon kaska, musamman in fararen ƙwayoyin jini da na daskarewa sun sauka, ba a jiran sakamako. Doksisaikilin ake farawa, miligiram 100 sau biyu a rana ga babba. A zazzaɓin Rickettsia mai tsanani, farawa cikin kwana 5 na farko ne ke raba mai tashi da mai rasuwa, kuma yara ma shi ake ba su a gajeren zango.

Rukayya, tun da duk abubuwan nan ta yawu suke shiga, cirewa da wuri na da tasiri. A sa matsefata mai siririn baki, a kama kaskar dab da fata, a ja sama a hankali ba murɗawa. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai ko kananzir, kada a matse cikinta. A wanke wurin da sabulu, a rubuta ranar, a sa ido kwana 30. Borrelia sai ta taso daga hanji zuwa jakar yawu, wanda yawanci ke cin fiye da awa 24, galibi 36 zuwa 48. A yankunan da Laim ya yi yawa, in kaskar Ixodes ce kuma ta kai awa 36 a manne, ana ba babba doksisaikilin miligiram 200 sau ɗaya cikin awa 72 da cirewa. Wannan lissafi bai shafi bairos da ke zaune a jakar yawu tun farko ba, bai kuma shafi alfa-gal ba, su biyun sai hana cizon: maganin ƙwari famitirin kashi 0.5 cikin 100 a tufafi da takalma, maganin korar ƙwari DEET kashi 20 zuwa 30 a fata, da duba hammata, bayan kunne, matsematsi, bayan gwiwa da cikin gashi a ranar da aka dawo daga ciyawa.